Kanannado, SAMPEA 14 ko SAMPEA 20-T: wane irin wake ya dace da gonarka?

Da can, idan gero ya kai gwiwa aka fara shirin shukar wake, gardamar da ake yi a majalisa ba ta wuce fari ko ja, mai yaɗo ko mai tsayuwa. Yanzu wata tambaya ta shigo ta danne sauran: waken nan na Samaru, wato SAMPEA 20-T, da aka ce tsutsa ba ta cin sa, a shuka ko a bari? Wani zai turo maka murya a WhatsApp yana rantsuwa cewa yana hana haihuwa. Wani kuma, mai sayar da iri, zai ce maka in ka shuka shi ka yi ban-kwana da famfon feshi har abada. Duka biyun sun ɓatar da kai, kuma manomin da ya bi ɗayansu ido rufe shi ne zai biya kuɗin kuskuren a kaka.

Zaɓin da ke gabanka kashi uku ne. Akwai irin gida da muka gada, irin su Kanannado, Ɗan'ila da Aloka. Akwai ingantaccen iri da masana suka samar ta hanyar barbara tsakanin wake da wake, irin su SAMPEA 11, 14 da 15. Sai kuma SAMPEA 20-T, wanda aka dasa wa wata ƙwayar halitta daga waje, wato abin da ake kira GMO.

## Tambayoyin da za ka fara amsawa

Kafin ka duba iri, duba gonarka. Me ya cinye maka wake bara? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma da yawanmu ba mu iya amsa ta dalla-dalla, sai dai mu ce "ƙwari". To, ƙwarin wake ba ɗaya ba ne. Akwai darɓa da ke manne wa shuka tun tana ƙarama. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke shiga cikin fure su sa shi zubewa. Akwai tsutsar maruka mai huda fure da ƙwanso. Akwai masu tsotse ƙwanso har ya shanye. Bayan an kai gida kuma ga ƙwaron da ke huda wake a buhu. Ban da ƙwari, ga wuta-wuta da ke tsotsar saiwa, ga ɗaukewar ruwa da wuri.

Na biyu, me kake nema a gonar: ƙwaya, harawa, ko duka biyun? Na uku, zalla za ka shuka shi ko a ƙarƙashin gero da dawa? Na huɗu, wa zai saya, kuma wane irin wake yake so? Sannan sai kuɗi: na iri da na feshi a haɗe, domin raba su shi ne ke sa lissafi ya karkace. A ƙarshe akwai maganar ko irin zai ajiyu a sake shukawa baɗi, da kuma haɗarin da ke tattare da kowane.

## Irin gida

Wanda ya raina Kanannado bai taɓa kiwon rago ba. Irin gida mai yaɗo yana rufe ƙasa, yana jure inuwar gero a tsarin gicci, kuma idan aka yi roro ya bar maka harawa mai yawa. A watannin rani, musamman idan Layya ta gabato, damin harawa kuɗi ne a hannu, har akwai shekarun da mai gona zai ga abin da harawa ta kawo ya kusa kamo na ƙwayar. Ƙwayar kanta manya ce, fara, mai kaushin bawo da ke saurin fita a wanki, abin da masu ƙosai da alala ke so ke nan. A Dawanau manyan ƙwaya sun fi ƙanana daraja, kuma ba yau aka fara ba.

Kuɗin iri kusan babu. Yana cikin tukunya ko jarka tun bara, ko ka karɓo mudu biyu wajen maƙwabci. Ba ka bin kowa, ba ka jiran wani kamfani.

Rauninsa yana cikin ɗabi'arsa. Yawancin irin gida ba ƙidayar kwana suke yi ba, tsawon rana suke bi. Ko yaushe ka shuka, ba zai yi fure ba sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A shekarar da ruwa ya kai, lafiya lau. A shekarar da ya ɗauke da wuri, sai ka tashi da ganye ba ƙwanso. Yawan ƙwayar ma kaɗan ne: a gonar da aka cakuɗa da gero, buhuna ƙalilan ake samu a hekta. Kuma a gonar da wuta-wuta ta yi sansani, yawancin irin gida ba su da abin kare kansu.

Akwai wani abu guda da ba a cika faɗa ba. Jinkirin furen nan wani lokaci yana yi masa amfani, domin yana fure ne bayan marka ta wuce, lokacin da damshin da maruka ke so ya fara raguwa. Shi ya sa tsofaffi a arewacin Kano, Jigawa da Damagaram suka daɗe suna samun ɗan abin da suke samu ba tare da feshi ba. Kaɗan ne, amma ba su ci bashi a kansa ba.

## Ingantaccen iri na barbara

Nan ne rikicin suna ya fi yawa, domin mutane da dama suna ɗauka duk irin da ya fito daga cibiyar bincike GMO ne. Ba haka ba ne. SAMPEA 11, 14 da 15 an same su ne ta hanyar ɗaukar garin furen wani wake a sa wa wani, a yi ta tacewa shekara da shekaru har a sami wanda ya haɗa halayen da ake so. Cibiyar IITA ta binciken noma ta ƙasa da ƙasa, wadda ke da tasha a Kano, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello su ne suka yi yawancin wannan aiki. SAM ɗin da ke farkon sunan ma daga Samaru aka ɗauko.

SAMPEA 14 da 15, waɗanda aka fitar a 2011, suna nuna cikin kwana 70 da ɗoriya, suna jure wuta-wuta, suna kuma jure ƙarancin ruwa. Ga manomin da ke yankin da damina ke gajarta, wannan babban abu ne. SAMPEA 11 kuwa, wanda masana ke kira IT89KD-288, ya fi kama da irin gida: yana bin tsawon rana, yana ba da manyan fararen ƙwaya da harawa, yana kuma zama da dawa lafiya. Shi ne tsaka-tsaki ga wanda ke son ƙarin amfani amma ba ya son rasa abincin dabbobi. A Nijar ma akwai makamantansu da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar, ke yaɗawa, kamar TN5-78 da IT90K-372-1-2.

Masu saurin nunan sun fi son a shuka su zalla, ko kuma a tsarin da IITA ta yaɗa a Kano da Kaduna na kunya biyu hatsi, kunya huɗu wake. In ka tura su ƙarƙashin gero kamar Ɗan'ila, inuwa za ta kashe musu ƙarfi. Hekta ɗaya zalla tana cin iri kimanin kilo 20 zuwa 25. Lokacin shuka kuma yana da muhimmanci fiye da na irin gida: in ka yi gaggawa ka shuka a farkon damina, zai nuna a tsakiyar marka, ƙwanso ya yi baƙi ya ruɓe a gona.

Abin da ba su da shi shi ne kariya daga maruka. Masana sun tace nau'in wake sama da 15,000 da ke ajiye a IITA suna neman wanda tsutsar nan ba ta iya ci, ba su sami mai ƙarfin da za a dogara da shi ba. Saboda haka ingantaccen iri ba feshi kamar mota ce ba mai. Shawarar malaman gona ita ce feshi biyu zuwa uku a kan lokaci, amma a wuraren da tsutsar ta yi yawa manoma kan kai shida, har takwas.

Me ya sa ake feshin da yawa haka? Uwar tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, tana zuba ƙwai a kan tohon fure. Da tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta shige cikin fure, daga nan ta huda ƙwanso, ta saƙa yana ta lulluɓe kanta. Maganin da ka fesa yana waje, ita tana ciki. Sai ka ga kashinta a bakin ramin, ka ƙara fesawa, ka ƙara ƙarfin haɗin, ruwan sama ya zo ya wanke. A shekarar da ta yi tsanani tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin gona.

## SAMPEA 20-T

A cikin ƙasa akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis, ana taƙaita ta da Bt. Tana samar da wani furotin da ke kashe tsutsotsi. Ba sabon abu ba ne: tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, kuma har yau masu noman da ba sa amfani da sinadarai suna fesa ta a kan kayan lambu. Abin da masana suka yi shi ne ɗauko ƙwayar halittar da ke sa a samar da furotin ɗin, mai suna Cry1Ab, suka dasa ta cikin wake, ya zama shukar da kanta ke samar da shi a fure da ƙwanso, daidai inda tsutsar ke ɓuya.

Kamfanin Monsanto, wanda Bayer ya saye daga baya, shi ya ba da ƙwayar halittar ba tare da kuɗin mallaka ba, ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Dasawar farko an yi ta ne a cibiyar CSIRO ta Ostareliya, a ƙarƙashin T. J. Higgins. Sauran aikin, wato shigar da halin cikin waken da ya dace da ƙasarmu da gwajin gona, a Samaru aka yi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tun daga 2009. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa don sa ido kan irin waɗannan abubuwa, ta ba da izini a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista a Disambar shekarar, aka kuma ƙaddamar da sayar da shi a Kano a Yunin 2021. Gana ta fitar da nata a 2024 da sunan Songotra-T.

Abin da ya kamata manomi ya riƙe shi ne wannan: SAMPEA 20-T ba wani baƙon wake ba ne daga sama. SAMPEA 10 ne, wanda aka sani tun 2008, aka ƙara masa hali guda. Saboda haka ya gaji duk abin da SAMPEA 10 ke da shi, mai kyau da marar kyau. Yana nuna a kwana 70 zuwa 75, yana jure wuta-wuta, fari ne, amma ƙwayarsa matsakaiciya ce, ba ta kai Kanannado ba, harawarsa ma ba ta kai ba. Masu irin sun ce yana iya kaiwa tan 2.9 a hekta. Wannan adadin gonar gwaji ne, inda komai ya zo daidai. Matsakaicin abin da manoman Najeriya ke samu bai kai tan ɗaya ba, kuma iri kaɗai ba zai cike wannan tazara ba.

Maganar feshi kuwa, biyu ake ba da shawara: ɗaya lokacin fure, ɗaya lokacin ƙwanso. Furotin ɗin Bt tsutsa kawai yake kamawa. Darɓa, ƙwarin fure da masu tsotsar ƙwanso ko a jikinsu. Wanda ya ji "ba ya buƙatar magani" ya rataye famfo, zai ga fure yana zuba kamar yadda ya saba, sannan ya fito yana cewa an yaudare shi. An yaudare shi ɗin, amma mai tallar ne, ba irin ba.

Haka nan a rumbu. Ƙwaron da ke huda wake a buhu dangin buzuzu ne, ba tsutsar malam-buɗe-littafi ba, kuma Cry1Ab ba ya taɓa shi. Duk irin da ka shuka cikin ukun nan, ajiya ɗaya ce: busarwa sosai, sannan buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka ko durom da iska ba ta shiga. A nan ne ma, a ganina, ainihin gubar da ke cikin wakenmu take. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wato dai dangin fiya-fiya da ake zuba wa wake a shago don kada ya huje. Mun yi shekaru muna cin wannan ba hayaniya.

## Jadawali

| Ma'auni | Irin gida | SAMPEA 14 da 15 | SAMPEA 20-T |
|---|---|---|---|
| Kuɗin iri | Kusan babu | Ya fi waken kasuwa tsada | Yawanci shi ya fi tsada, samunsa ma da wuya |
| Feshi | Kaɗan ko babu a cakuɗe, da yawa in zalla ne | 2 zuwa 3, har 6 zuwa 8 inda maruka ta yi yawa | 2 |
| Lokacin nuna | Ƙarshen damina, yana bin tsawon rana | Kwana 70 da ɗoriya | Kwana 70 zuwa 75 |
| Tsutsar maruka | Ba kariya | Ba kariya | Akwai kariya |
| Wuta-wuta | Yawanci ba kariya | Yana jurewa | Yana jurewa |
| Harawa | Mai yawa | Matsakaiciya | Matsakaiciya |
| Girman ƙwaya | Manya | Matsakaita | Matsakaita |
| Zama da gero | Ya dace | Sai a kunya daban | Sai a kunya daban |
| Ajiye iri | Ana ajiyewa | Ana ajiyewa, a sabunta | Ana ajiyewa, a sabunta |
| Babban haɗari | Ɗaukewar ruwa | Kuɗi da gubar feshi | Jabun iri, sabawar tsutsa |

## Yadda za ka yi lissafin kuɗin

Farashin iri da na magani yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, daga wata zuwa wata, don haka lissafin naka ne, da farashin garinku. Ɗauki kuɗin feshi ɗaya a gonarka: magani, ladan mai feshi, da ɗebo ruwa. Ninka shi da adadin feshin da ka yi bara, ka cire kuɗin feshi biyu. Abin da ya fito shi ne abin da SAMPEA 20-T zai iya rage maka. Sai ka kwatanta da bambancin kuɗin kilo 20 zuwa 25 na irinsa da na irin da ka saba saya. In bara sau bakwai ka fesa, feshi biyar ka tsira da su, kuma da wuya bambancin kuɗin iri ya cinye wannan. In kuwa sau biyu ko uku dama kake fesawa, ribar ta wannan ɓangare ƙarama ce, sai dai abin da ka ceto daga bakin tsutsa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin naira. Duk wanda ya ga yaran da ake ɗauka feshi a ƙauye ya san yadda suke yi: ba safar hannu, ba abin rufe hanci, famfo na yoyo a gadon baya, da an gama a wanke hannu a kududdufi a ci abinci. Rage feshi daga bakwai zuwa biyu ga irin wannan yaro ba ƙaramin abu ba ne.

## Gardamar lafiya da ta mallaka

Tsoron mutane ba abin dariya ba ne, abinci ne ake magana. Ga yadda furotin ɗin ke aiki. Hanjin tsutsa ba shi da tsami irin na cikin ɗan Adam, kuma a bangonsa akwai wasu wuraren da furotin ɗin ke maƙalewa ya huda shi. Cikin mutum, da na akuya da na kaza, ba shi da waɗannan wurare, kuma tsamin tumbi yana narkar da furotin ɗin kamar sauran abinci. Tun 1996 ake noman masara da auduga masu Bt a Amurka. A 2016 cibiyoyin kimiyya na ƙasar suka fitar da babban rahoto bayan duba ɗaruruwan bincike, suka ce ba su sami hujjar cewa abincin GMO da ke kasuwa ya fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba. Maganar hana haihuwa ba ta da wani bincike da ya tsaya mata. Ga masu tambaya ta fuskar addini, asalin ƙwayar halittar daga bakteriyar ƙasa take, ba daga wata dabba ba.

Sai dai masu adawa, irin su ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF ta Nnimmo Bassey, suna da maganganun da ban ga dalilin watsar da su ba. Suna tambaya: wa ke yin gwajin, kuma wa ke biyan kuɗinsa? Suna cewa mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake ci. A nan gaskiyarsu ce, kuma ba wanda ya kawo mafita, domin wake a mudu ake auna shi, ba a leda mai rubutu ba. Da ya shiga Dawanau ya cakuɗu, shi ke nan. A Mayun 2024, bayan an fitar da masarar TELA, wadda ita ma GMO ce, a farkon shekarar, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da sabbin irin GMO har a yi bincike, abin da ke nuna cewa maganar ba ta mutu ba ko a Abuja.

Batun cewa ba ya sake tsirowa kuwa, ba gaskiya ba ne a kan wannan waken. Wake yana yi wa kansa barbara tun fure bai buɗe ba, kuma SAMPEA 20-T ba haɗin aure ba ne irin masarar da ake saya duk shekara. In ka ajiye ka shuka, zai fito da halinsa. Abin da ke lalata shi shi ne cakuɗuwa a wurin sussuka da a buhu, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Shi ya sa ake so a sabunta iri bayan damina biyu zuwa uku, kamar dai sauran ingantattun iri.

Haɗarin da ni ya fi damuna biyu ne, kuma ba a cika tattauna su a rediyo ba. Na farko, tsutsa tana sabawa. A Afirka ta Kudu tsutsar karan masara ta saba da wannan furotin na Cry1Ab ɗin, an tabbatar da haka a 2007. A Indiya tsutsar auduga ta yi haka ga audugar Bt. SAMPEA 20-T ƙwayar kariya guda ce tal a cikinsa. Abin da ke rage saurin sabawar shi ne a sami wake marar Bt da ciyayin daji a kusa, inda tsutsar da ba ta saba ba za ta ci gaba da hayayyafa. Wato irin gidan maƙwabcinka yana yi wa naka gadi, ko bai sani ba. Ranar da gari duka ya koma iri ɗaya, ranar ce za a fara ƙirga kwanakinsa.

Na biyu shi ne jabu. Da ido ba za ka bambance SAMPEA 20-T da SAMPEA 10 ba, domin kusan abu ɗaya ne. Kamfanoni ƙalilan aka ba lasisin samar da shi, a shekarun farko kuma masu nema sun fi irin yawa. Inda aka sami haka, an buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Duk wanda ya auna maka shi a kwano daga buɗaɗɗen buhu, bar masa kayansa. Nemi leda a rufe mai shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC, da lambar da ake kankarewa a tura ta waya, ko ka bi ta ofishin malaman gona na jiharku. In ka sayi jabu kuma ka rage feshi zuwa biyu, asarar ta fi ta wanda bai taɓa jin sunan irin ba.

Darasin Burkina Faso ma ya cancanci tunawa, ko da auduga ce. Sun rungumi audugar Bt a 2008, tsutsa ta ragu, amma zaren ya gajarce, masu saye suka karya farashi, a 2016 ƙasar ta watsar da ita. Fasahar ta yi aikinta, kasuwa ce ta ƙi. Don haka kafin ka cika gona da kowane sabon wake, ɗauki mudu guda ka kai wa mai ƙosan unguwarku da dillalin da ka saba sayar wa, ka ji ta bakinsu.

## Wa ya dace da wanne

In kana noman wake zalla don sayarwa a yankin da ruwa ke da yawa, kamar Kaduna, Neja, kudancin Kano da Bauchi, Gombe ko Adamawa, kuma bara ka buɗe ƙwanso ka tarar da tsutsa da kashinta duk da feshi biyar ko shida, SAMPEA 20-T naka ne, muddin ka samo na gaskiya kuma ka yi feshi biyun a kan lokaci.

In matsalarka wuta-wuta ce da gajeren ruwa, a arewacin Katsina, Jigawa, Yobe ko Sakkwato, inda maruka ba ta kai ta kudu ƙarfi ba, SAMPEA 14 ko 15 zai yi maka kusan duk abin da kake nema, kuma ya fi sauƙin samu. Shi ne kuma zaɓin wanda zuciyarsa ba ta kwanta da GMO ba amma yana son amfani mai yawa, ko wanda mai sayensa ya gindaya masa sharaɗin kada ya kawo GMO, kamar wasu masu fitar da kaya waje.

In kana da tumaki da shanun huɗa, kana shuka a ƙarƙashin gero, wake na ci ne a gida harawa kuma ta dabbobi, ka riƙe Kanannado ko Ɗan'ilanka. In kana son ƙari ba tare da sauya tsarin gonar ba, gwada SAMPEA 11.

Manomin Maraɗi ko Damagaram ya sani cewa izinin NBMA na Najeriya ne, bai tsallaka iyaka ba. Irin da INRAN da malaman gonar yankinsa ke rabawa shi ne nasa.

Wanda kuma har yanzu yake tsakiya, ya raba gonar. Kunya goma na sabon iri a gefe guda, sauran abin da ya saba, shuka rana ɗaya, taki ɗaya. Ya rubuta ranar kowane feshi da kuɗinsa a bayan kalanda, ya yi roro daban, ya sussuka daban, ya auna da tiya ɗaya, ya kuma ƙirga damin harawar kowane ɓangare kafin ya sayi irin baɗi.